Hoton Baffa a Kan Dutse

Shekarun baya, lokacin da haukar ɗaukar hoto take kaina, ba na iya cika wata guda ban bar gari ba. Ni ne mai kyamara, abokina shi ne mai mota, kuma shi ke riƙe da shafin intanet da muke ɗora hotunan, don ni a lokacin waya ba ta dame ni ba. Muna da wani tanti da muka saya a gwanjo, wanda in iska ta taso dole mutum ɗaya ya zauna a ciki ya danne shi. A haka muke kiran kanmu matafiya.

Wata kaka muka bi ta Kudan, muka tsaya a Makarfi muka sha rake har muƙamuƙi ya gaji, sannan muka miƙe Ikara, muka yanki hanyar Furana. An ba ni labarin wani faffaɗan dutse mai bishiyar kuka guda a gefensa, wadda tsawa ta taɓa tsagawa biyu amma ta ƙi mutuwa. Ita nake nema. Muka fara zuwa wurin mai unguwa muka kwashi gaisuwa. Ya ce ba komai, amma mu yi sallama da mutanen rugar da ke gindin dutsen, don nan ce makiyayarsu tun kafin a haife mu.

Mai rugar wani dattijo ne siriri mai fara'a, kowa Baffa yake ce masa. Ya zagaya tantinmu, ya taɓa shi, ya yi dariya ya ce, "Yara, ga ɗaki a ruga, me zai sa ku kwana a cikin buhu?" Da muka ce sha'awa ce, sai ya girgiza kai, ya koma ya kawo mana tabarma da ƙwaryar fura da kindirmo. Abokina ya sha har yana suɗe ludayi. Ku riƙe wannan a ranku.

Na roƙi Baffa izinin ɗaukarsa, ya ce, "Ɗauki, ɗana, in dai ba za ka rage mini tsawo ba." Gab da magariba ya hau dutsen yana duba shanunsa, ya gicciya sandarsa a kafaɗa ya rataye hannuwansa a kai, yadda makiyaya suke yi. Rana tana bayansa, sama ta yi jawur. Na durƙusa na ɗauka. A hoton ba a ganin fuska, ba a ganin tufafi, sai baƙar inuwar mutum da wani dogon abu a kafaɗarsa, ga tsagaggiyar kukar a gefe. Har yau ban yi hoton da ya kai shi kyau ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai.

Muka dawo gida, na tura wa abokina hotunan kamar yadda muka saba, na shiga harkokina. Ba a yi mako ba sai ga kiran mai unguwa. Tun daga gaisuwa na san ba lafiya ba, don bai tambayi iyali ba, bai tambayi gajiya ba.

Ya ce, "Malam, mun karɓe ku hannu bibbiyu. Me Baffa ya yi muku?"

Ashe 'yan sintiri sun tare Baffa ranar kasuwa a gaban jama'a, suna tsare da shi, kuma matasa suna cewa dole rugar ta tashi. Na buɗe shafin abokina. Ga hotona, ga abin da ya rubuta a ƙasa: "Mun kwana a dajin da ba kowa ke shiga ya fito ba. Ku dubi wanda ya tsaya a kanmu. Allah ne kawai ya yi da sauran kwananmu." Daga nan mutane suka kwashe shi zuwa guruf-guruf na hira a waya, kowa na ƙara nasa gishirin, har sanda ta zama bindiga. Kukar nan kuwa babu wanda bai san ta ba a yankin, kuma kowa ya san wanda yake hawa dutsen da yamma.

Na kira abokina. Na ce, "Kai, ka san abin da ka aikata?"

Ya ce, "Haba mutumina, ka ga yadda hoton nan ya tashi kuwa? Ni fa ban ce ɗan bindiga ba ne. Nuna mini inda na rubuta haka."

"Mutumin da ka sha furarsa yana tsare!"

"Za su sake shi. In na goge yanzu ai sai a ce ƙarya na yi."

Na ce, "To da gaskiya ka yi?" Sai ya ce cajinsa zai ƙare. Na ce aƙalla ya ba ni mota, ya ce tana gareji.

Wallahi ban taɓa jin na tsani muryar mutum kamar ranar ba. Na saɓa jakar kwamfuta na hau motar haya zuwa Ikara, daga nan ɗan acaɓa. Mai unguwa ya raka ni inda ake tsare da Baffa. Na same shi zaune a ƙasa, ba takalmi, an cire masa malfa. Yana ganina ya ce, "Ɗana, ka zo lafiya? Yaya hanya?" Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Na buɗe kwamfuta a gaban 'yan sintirin na ƙara wa hoton haske a hankali. Inuwar ta fara buɗewa, sai ga fuska, ga carbi a wuya, ga sandar kiwo da 'yar butarsa rataye a jiki. Na nuna musu sauran hotunan ranar: Baffa yana miƙo ƙwarya, abokina da ludayi a baki. Shugabansu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, mu ma ai aikinmu muke yi." Aka miƙo wa Baffa malfarsa, aka sake shi. Babu wanda ya ba shi haƙuri.

A hanyar komawa ruga ya ce da ni, "Gobe da hantsi ka sake ɗaukata. In tsaya ina kallonka, rana a fuskata, don wanda ya gani ya san mutum ne." Haka aka yi. Na buɗe shafina na kaina na ɗora, na rubuta duk abin da ya faru. Waɗanda suka kalla ba su cika bas guda ba.

Rugar ba ta tashi ba, mai unguwa ya tsaya tsayin daka. Amma matar Baffa ta yi watanni tana dawowa daga kasuwa da ƙwaryar nononta yadda ta tafi da ita. Abokina bai goge hoton ba sai da ya gama cin moriyarsa, kuma har yau bai ce ya yi laifi ba. Yanzu a wurin biki kawai muke haɗuwa, mu gaisa da fatar baki. Na bar masa tantin.

Ina yawona har yanzu, amma ba na ɗaukar mutum rana tana bayansa, kuma ba na ba kowa hotona ya rubuta masa magana. Ana ce mini in manta, abu ya wuce. Na yi ƙoƙari. Da a ce rashin sani ne ya sa shi, da tuni na haƙura. Amma ya zauna a tabarmar mutumin nan, ya san sanda ce.

Kuma abin bai wuce ba. Duk lokacin da wani abu ya faru a wani daji, ko a ina ne, sai hoton ya sake fitowa da sabon suna. Kwanan baya mahaifiyata ta turo mini shi, ta bi ni da kira hankalinta a tashe.

Ta ce, "Don Allah ka daina yawon dajin nan. Ka ga irin mutanen da ke ciki?"

Na ce, "Na gan shi, Inna. Shi ya ba ni tabarmar da na kwana a kai."