Yumɓun Bakin Tulun Kawu

Shekarar da Kawu ya baro Wagini ya dawo wurinmu a Batsari, ina koyarwa a firamare, albashi kuwa ba ya kai mu tsakiyar wata. Ɓarayin daji ne suka tashe su. Bai tsira da komai ba sai jakinsa da wani tulu da ya ɗauro a kai. Irin wake ne a ciki, wanda ya ce tun zamanin kakanmu ake juya shi a gonar gidan. Ya cakuɗa shi da toka, ya liƙe bakin tulun da yumɓun fadamarsu yadda ko iska ba za ta shiga ba, balle ƙwari. Muka ajiye shi a ƙuryar ɗakin girki. Duk yunwar da muka sha a shekarar, ko sau ɗaya Kawu bai yi zancen buɗe shi ba. Zancensa kullum ɗaya ne, in ruwa ya sauka zai koma ya shuka.

Ƙanwata ma tana wurina lokacin. A birni ta tashi, irin 'yan matan nan da gara su kwana da yunwa da a ce fuskarsu ta yi gautsi. Sabulun wanke fuska ya fi ƙarfinmu, ƙuraje suka feso mata, ta bi ta hana kowa sakat. Rannan na dawo daga makaranta na tarar da ita tana tankaɗe wata ƙasa mai laushi da rariya. Ta narka man kaɗanya a murfin tukunya, ta zuba garin kaɗan-kaɗan tana juyawa, ta barbaɗa kurkum, ta ɗiga 'yar zuma. Da ya huce sai ya daskare kamar man shanu. Ka lakata ka murza a fuska, ka goge da tsumma mai ɗumi, duk dattin ya biyo.

Na yi mata tsiya har na gaji, na ce saura ta shafa kashin shanu. Daga baya ni ma na shiga layi, don gaskiya abin ya yi kyau. Malaman makarantarmu mata suka fara tambayata me nake shafawa. Da na tambaye ta inda take samun ƙasa mai santsi haka, ta ce, “Yaya, ke dai sha gyara kawai.”

A tsakiyar bazara na shiga ɗakin girki neman muciya, sai na ga ƙananan ƙwari suna bin bango. Na bi su da ido har ƙurya. Na ɗaga buhun da muka rufe tulun da shi. Innalillahi! Yumɓun bakin duk an kankare shi, sauran ɗan ɓawon da ya rage ya tsage, an cusa tsumma a ramin. Na zauna a kan turmi.

Na ƙwala mata kira. Ko gezau ba ta yi ba, don ba ta san ta yi wani abu ba.

“Yaya, ai waken ban taɓa ba, wallahi ko ƙwaya ɗaya. Murfin kawai nake ɗan jiƙawa ina kankara. Ƙasa ce fa.”

“Ƙasa ce fa! Tun yaushe?”

Ta ce tun kafin azumi. Na duba fuskarta tana sheƙi, na shafa tawa, raina ya ɓaci. Na rasa ma zagin da zai ishe ta.

Ni na je na gaya wa Kawu, yana zaune a zaure yana gyaran igiyar jaki. Ya taso ya biyo ni. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya juye tulun. Abin da ya zubo, gari ya fi wake yawa. Ƙwari suka watsu ko'ina, kajin maƙwabta suka rugo, na bi su da tsintsiya kamar mahaukaciya. Duk ƙwayar da na ɗauka sai na gan ta a huje, in na matsa ta murƙushe. Ƙanwata ta durƙusa tana kuka.

“Kawu, ka yafe mini, ban sani ba.”

“Mi kika yi da yumɓun, ɗiyata?”

Ni na ce, “Man wanke fuska, Kawu.”

Ya maimaita a hankali, “Man wanke huska.” Da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya ce a kawo masa faifai.

Yini guda muka yi mu uku muna tsinta. Kowace ƙwaya sai ya ɗaga ta a rana ya juya, ya ajiye dama ko hagu. Da la'asar abin da ke gefen dama bai cika tafin hannu biyu ba. Na ce zan nemo masa iri a kasuwa ranar Alhamis. Ya girgiza kai.

“Na kasuwa wake ne, Malama. Wanga namu ne.”

Ruwan farko ya sauka, mutanen Wagini da suka yi ƙarfin hali suka fara komawa a kan babura. Ɗaya ya tsaya a ƙofarmu, ya ce Kawu ya hau. Ina daga ciki na ji Kawu yana cewa su je kawai, bana ba shi da abin da zai kai wa gona. Da suka tafi ya ari fartanyar maƙwabcinmu, ya zagaya bayan makewayi inda muke zubar da ruwan wanke-wanke. Mutumin da a da ake kiran gayya don a gama masa shuka, a nan ya durƙusa da ɗan irin da muka tsinta, ya gama tasa kafin ruwan shayina ya tafasa.