Sawun Yatsa a Ƙarƙashin Wutsiya

"To ai ba ƙadangaren bayan ɗaki ba ne da zai riƙa jan wutsiya a ƙasa," in ji Kurebayashi. "Yaya Toku, masana sun bar wannan magana tun muna da gashi a ka. An ga sawun ƙafafunsu a jikin dutse, ba a ga alamar jan wutsiya ba."

"Kana wurin ne da suke tafiyar?"

"Na dai koyar da shi har na yi ritaya."

"Ka koyar da abin da ba ka taɓa gani ba. Sha shayinka kafin ya huce."

Unno Tokuji bai ɗago kai ba. A gabansa akwai dainaso na roba, siffar ƙaton dabban nan na zamanin da, tsaye ƙiƙam kamar mutum, wutsiyarsa shimfiɗe a kan tebur, ko ɗigon fenti ba a sa masa ba. Aikin Tokuji ke nan tun yana saurayi a nan Shizuoka: ya haɗa irin waɗannan, ya yi musu fenti, masu shaguna su jera a bayan gilashi. Matarsa Fusae, yayar Kurebayashi, ita ce mai ƙera na asali da yumɓu, wanda daga jikinsa ake zuba na roba. Wannan shi ne na farko da ta ƙera, da littafin makaranta na wancan zamani a buɗe gefenta. Masana'antar ta rufe da daɗewa, Fusae ta rasu, kuma ban da wannan guda ɗaya babu saura a hannunsa.

Yanzu ɗakin karatu na unguwa zai yi wa yara baje koli, an ɗora wa Kurebayashi shirya shi. Yana son aikin yayarsa ya shiga, amma ba zai nuna wa yara kuskure ba.

"Zarto kawai za ka sa," ya ce. "Ka yanke ta daga tushe, ka ɗaga, ka cike wurin, ka bi da samfefa. Sau nawa ka yi wa na wasu?"

"Na wasu ne."

Tun rasuwarta Tokuji ba ya iya zama shi kaɗai a ɗakin aikin ba tare da rediyo ba. In ya kashe, sai ya riƙa jin ƙarar ƙaramar wuƙarta tana kankare yumɓu daga kujerar da ke bakin taga. Ya san ganyen gora ne ke gogar gilashi. Duk da haka bai taɓa sare gorar ba, kuma kowace safiya, bayan ya ajiye mata shinkafa da shayi a gaban hotonta, yakan gaida kujerar ita ma.

Ya ɗauki dainason, ya kifa shi, ya miƙa wa surukinsa.

"Sa tabaranka. Dubi inda kake so in sa zarton."

A ƙarƙashin tushen wutsiyar, inda fata ta zo da santsi, akwai sawun babban yatsa. Nan ta riƙe yumɓun yana ɗanye, ba ta goge ba saboda wurin ƙasa yake kallo, roba kuwa ta kwashe shi layi-layi. Wani siririn tabo ya ratsa tsakiyarsa.

Kurebayashi ya daɗe yana kallo.

"Almakashin ganyen shayi," ya ce a hankali. "A gonar kakarmu. Ni na ɗaure mata shi da tawul ɗina, ina kuka, ita tana yi mini dariya."

Ya ɗora nasa yatsan a kai. Ya fi wurin girma nesa ba kusa ba. Gorar ta gogi taga, su biyun suka waiga lokaci guda, sannan kowa ya kawar da ido.

"Bar shi, Yaya. Zan nemi wani a kanti."

"Ka kai wa yara na kanti, nata yana nan cikin kwali? Da tana nan da ta ja maka kunne." Tokuji ya karɓi abinsa. "Ita ma ba ta son kuskure. Ranar da ta ga sabon zanen dainaso mai wutsiya a sama a jarida, ko abincin rana ba ta ci ba."

"To yaya za a yi?"

"Ruwan zafi. Irin wannan robar tana yin laushi. In na lanƙwasa wutsiyar sama, na karkato jikin gaba, na tsoma a ruwan sanyi, za ta tsaya. Sai in sa masa ƙarfe a ciki ya tallafe shi."

"Sawun fa?"

Tokuji ya sake kifa dainason. Robar ta tsufa. Tana iya miƙewa layukan su baje, kuma ba ya da na biyu. In kuwa aikin ya yi kyau, abin da ya shekara da shekaru yana kallon ƙasa zai dawo daidai idon duk yaron da ya leƙo ta ƙasa.

"Nan wurin ba zan sa fenti ba," ya ce. "In masanan naka sun tambaya, ka ce musu haka fatarsa take. Ai su ma ba su gani ba."

Kurebayashi ya yi 'yar dariya, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

Tokuji ya tashi, ya ajiye dainason a kan kujerar bakin taga, fuskarsa na kallon ɗaki. Ya kashe rediyo, ya ɗauki butar shayi, ya nufi kicin ya ɗora ruwa.