Abin da Nene Ta Faɗa wa Dija

Nene muke kiranta, mahaifiyar babanmu. Bafulatana ce daga wata ruga a bayan garin Babban Mutum, kuma sai da kakanmu ya rasu Baba ya ɗauko ta ya kawo ta gidanmu a Daura. Shi Baba tun yana ƙarami aka kawo shi birni karatu. Ya koyi ɗinki, ya auri Bahaushiya, Fulatancin ya zube masa a hanya, sai gaisuwa kawai ta rage. Mu 'ya'yansa ko gaisuwar ba mu samu ba.

In sanyi ya shigo, da an idar da sallar magariba Nene za ta hura wuta a wani tsohon kasko a tsakar ɗakinta, ta binne gyaɗa a cikin toka mai zafi. Yaran gidanmu da na maƙwabta mu kewaye ta, hayaƙin kara yana sa mu hawaye, ba mai matsawa. Wurina sananne ne, jikin ƙafarta ta dama. Ni take miƙa wa gyaɗar farko, ni nake tuna mata inda ta tsaya jiya. Takan gyara mayafi ta ce, "To, na kwance bakin jakata." Mu ce, "Zazzage mana, Nene." A hankali take magana, kalma bayan kalma, ni kuwa na ɗauka haka Allah ya yi ta, mace mai sanyin baki.

Ina 'yar shekara tara aka kawo Dija. 'Yar ƙanen Baba ce, sa'ata, saniya ta taka mata ƙafa ƙashin ya tsage. Mutanensu za su yi kudu da shanu, ba yadda za a yi ta bi su, sai Baffa, mahaifinta, ya kawo ta wurin wani maɗori a Daura, ya bar ta a gidanmu har ta warke.

Ina tsaye a bakin ƙofa aka shigo da ita. Nene ta dube ta, ta buɗe baki, sai na ji wata mata daban. Magana ta yi ta zubo mata da gudu, tana dariya har ana ganin wawulonta, tana tafa hannu, tana tambaya ba ta jiran amsa. Dija tana mayar mata a kunyace. Ban gane ko kalma ɗaya ba, amma na gane abu guda: ashe Nene ba mai sanyin baki ba ce, Hausa ce take riƙe mata harshe. Shekara da shekaru ina jikin ƙafarta, ban taɓa ganin wannan matar ba, ga wata ta zo da rana tsaka ta same ta a banza.

Da yamma aka ce ƙafar Dija tana son ɗumi, aka shimfiɗa mata buzu a daman Nene. Na koma can kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa.

Tatsuniyar da Nene ta yi mana a daren nan ta 'yar zabuwa ce. Wata mata ta tsinci ƙwan zabuwa a gona, ta kawo gida ta sa wa kazarta. Kaza ta kwanta a kai har ya ƙyanƙyashe, ta riƙe 'yar kamar tata. 'Yar zabuwa ta tashi da kukan kaji, ta san kiran tsaba, ta san kiran "ga shaho," ta san kiran shiga akurki. Ana nan, ran nan garken zabin daji suka biyo ta bayan danga, uwarta tana cikinsu. Uwar ta leƙa ta ga zanen jikin 'yarta, ta gane ta, ta tsaya ta rera mata waƙa.

Nan Nene ta lumshe ido ta rera waƙar da Fulatanci. Doguwa ce, mai ja, muryarta tana rawa a ƙarshen kowane baiti. Na dubi Dija, na ga leɓenta yana motsi tare da na Nene, idonta ya cika da ƙwalla. A wani wuri kuma su biyu suka yi murmushi lokaci guda. Mu sauran muna zaune kamar an jera tukwane.

Nene ta koma Hausa ta ƙarasa. 'Yar zabuwa ta ji waƙar ta yi mata daɗi, ta buɗe baki za ta amsa, sai kukan kaza ya fito. Uwar ta sake rerawa, ta sake amsawa da kukan kaza. Da rana ta yi ƙasa garke ya wuce. 'Yar zabuwa ta zauna a gidan, ta yi ƙiba, ba abin da ta rasa. Sai dai kullum da yamma takan tashi ta hau kan rumbu ta dubi daji, kaji suna tambayarta me take nema, ita ma ba ta sani ba. "Jakata ta ƙare," in ji Nene, "mai jin barci ya tashi."

Ban tashi ba. Na ce, "Nene, me uwar ta ce a waƙar?"

"Kiran 'yarta take yi."

"Duk tsawon nan kira ne kawai? To me ya ba ku dariya?"

Ta juya toka. "Rakiya, in na juye miki ita cikin Hausa, rabi zai zube a ƙasa."

"Amma ita Dija kin ba ta duka."

"Ban ba ta ba. Da harshen ta zo."

Na tashi na fita, amsar nan tana raina. Kwana da kwanaki ina kallonsu. Nene tana taje wa Dija kai suna hira, Nene tana shafa mata man shanu a ƙafa suna hira. Ko gyaɗar farko da aka ci gaba da miƙo mini ta daina yi mini daɗi, don na ga kamar lallashi ne.

Ita Dija tana ƙoƙarin Hausa, sai dai tana haɗa mace da namiji. Wata yamma na riga ta zuwa, na zauna a kan buzun. Ta shigo tana dogara sanda, ta tsaya a kaina ta ce a hankali, "Nene ya ce in zauna nan."

Na juya wurin yara na ce, "Kun ji? Nene ya ce! Ashe Nene namiji ne, ku nemo masa hula!" Ɗaki ya ɗauki dariya. Da gari ya waye sunan ya bi ta, har yaran da ba su san ta ba suna leƙowa ta katanga suna kiran "Nene-ya-ce." Daga ranar Dija ta rufe bakinta da Hausa. In an yi mata magana sai ta gyaɗa kai. Abin da na samu kawai shi ne ta ƙara manne wa Nene, hirarsu ta ƙara tsawo.

Nene ba ta dake ni ba, ba ta kuma kai ƙarata wurin Baba ba. Da hantsi ina wanke kwanuka ta zo ta tsuguna kusa da ni.

"Shekarar da na zo garin nan haka nake magana," ta ce. "Matan unguwa sun yi mini dariya har na daina fita suna da biki. Ban san ina goyon wadda za ta ƙarasa musu ba."

Na sunkuyar da kai.

"In so kike ki ji abin da muke cewa, zo in koya miki. Kullum kalma biyar. Kafin damina kin fara ji."

Da na ce to, da yau wani labarin nake ba ku. Amma Dija tana zaune a inuwa tana kallonmu, na ga in na yarda na zama ƙanwarta a wurin Nene, ita tana gyara mini baki. Na ce, "Ni ba na son yaren daji."

Nene ta dafa gwiwa ta miƙe. Ba ta sake yi mini tayin ba.

Ƙafar Dija ta warke, Baffa ya zo ya tafi da ita, na koma wurina a dama. Tatsuniya ta ci gaba, Nene ta koma maganarta a hankali, kalma bayan kalma.

Yau ni malamar Hausa ce a wata sakandare a Sandamu. Ina son harshen nan, da shi nake mafarki, da shi nake ci. Amma in na shiga kasuwa masu tallar nono suka ga dogon hancina suka gaishe ni da Fulatanci, sai in yi murmushin kurame in wuce. A irin wannan lokacin nakan tuna da 'yar zabuwa. Ina yarinya na ɗauka wauta ce ta hana ta amsawa. Sai da na girma na lura Nene ba ta zagi kaza ba, ba ta zagi 'yar ba. Ta dai faɗa mana cewa ana iya ƙoshi a gida, a kuma rasa bakin amsa wa na jini.

Da Nene ta tsufa ƙwarai, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, Hausarta ta tafi gaba ɗaya. Baba yana zaune gabanta, ɗan cikinta, ba ya gane ko ruwa take so. Dole aka aika a ɗauko Dija, lokacin tana da 'ya'ya huɗu. Ita ta yi jinyar, ita ce bakinmu da kunnenmu, ba ta kuma taɓa tayar mini da zancen baya ba.

Ranar da na zo daga Sandamu duba ta, Nene ta kama hannuna da hannunta mai lafiya. Ta dube ni ta yi ta magana, ta daɗe, ta ambaci sunana sau uku, a tsakiya har ta yi 'yar dariya. Da ta gaji ta saki hannun, na juya wurin Dija.

"Me ta ce?"

Dija ta buɗe baki, ta rufe, tana neman ta inda za ta kamo. Can ta ce, "Ta ce kin rame. Ki riƙa cin abinci."

"Shi ke nan?"

"Da sauran, Rakiya. Ban san yadda ake faɗinsa da Hausa ba."

Bayan kwana shida Nene ta rasu. Na yarda Dija ba ta ɓoye mini komai da gangan ba. Amma maganar tawa ce, ni aka yi wa ita, kuma har yau tana wurin Dija.