Man Shanu a Sakatar Sirdi

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ina malamin dabbobi a Bauchi, ina da wani tsohon babur da na saya hannun wani Bature mai komawa gida. Sirdinsa ya yage, sai wani baduku a Ƙofar Dumi ya ɗinka mini sabo, maƙerin da ke kusa da shi ya yi masa sakata ta ƙarfe. A ƙarƙashin sirdin nake ajiye magani da sirinjina na gilashi, shi ke nan guda ɗaya gare ni.

Wata safiya da damina aka kira ni Inkil. Wata tsohuwar Bafulatana ce, saniyarta ta kwanta da ciwon sammore, ita kaɗai ta rage mata, da nononta take ci da jikokinta. Na duba saniyar, na ce allura za a yi yau ɗin nan. Na je buɗe sirdi, sakata ta ce ba ta san zancen ba. Na ja, na murɗa, har na ɗauki dutse, sai na tuna gilashin da ke ciki. Tsohuwa tana tsaye tana kallona.

Na hau babur na komo gari raina a ɓace, tun daga bakin lungu nake yi wa maƙeri faɗa.

"Baba, wannan wane irin aiki ne ka yi mini?"

Ya sunkuya ya shinshina sakatar, ya ɗago yana dariya.

"Malam, wa yake shafa wa babur ɗinka man shanu?"

Nan take na gane. Inna ce, mahaifiyata. Duk Juma'a takan shafe sirdin da man shanu, yadda ta riƙa yi wa sirdin dokin mahaifina har ya rasu. Man ya gangara cikin sakata, ya haɗu da yashi, ya zama danƙo.

Maƙeri ya gasa wani siririn ƙarfe, ya ɗora a kan sakatar a hankali, ya tare fatar da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙauri ya tashi kamar ana suya. Ya taɓa ta da yatsa, ta buɗe. Kunya ta rufe ni, na ba shi haƙuri.

"Je ka, saniya na jiranka," in ji shi.

Kafin azahar na yi allurar. Saniya ta miƙe bayan kwana uku.

Da sati ya zagayo tsohuwar ta aiko mini da tukuici: man shanu cike da ƙwarya. Na kai wa maƙeri rabi, kuma har gobe ina gode wa mutumin nan. Sauran rabin na miƙa wa Inna. Ta ce madalla, dama na sirdi ya kusa ƙarewa.

Ban taɓa gaya mata ba. Duk Asabar nakan wanke sakatar da kananzir a bayan gida, shekara shida, har Asabar ɗin da ta biyo bayan rasuwarta, na fito da kwalbar kananzir na tarar babu abin wankewa.