Sunan Baba Nomau da Aka Soke

Wata rana, ana saura mako huɗu bikin Ista, malaman katikisma biyu a cocin Katolika ta wani ƙauye suka daina gaisawa.

A kan suna ɗaya.

Ɗayan Habila ne, matashin da ya dawo gida bayan shekara tara a Fatakwal. Zama ba ya yi masa, sai ya karɓi ajin manya masu shirin baftisma. Kyauta, kamar sauran malamai.

Ɗayar kuwa Mama Rifkatu ce. Tun Habila yana rarrafe take koyar da wannan ajin.

Sunan kuma na Baba Nomau ne, manomi mai shekara saba'in da wani abu. Shekara uku yana zuwa aji, bai taɓa fashi ba. Amma in aka ce ya jero Dokoki Goma, daga ta huɗu sai ya tsaya yana murza hularsa.

Habila ya soke sunan daga takardar da za a kai wa Fada, limamin cocin.

Mama Rifkatu ta mayar.

Ya sake sokewa. Takarda har ta huje.

In takardar ta tafi haka, sai baɗi. Tsohon kuwa da bakinsa ya ce bai san ko zai ga baɗi ba.

Baba Irmiya, katikis ɗin cocin kuma shugaban malaman, ya kira su gindin mangwaro. Habila ya zo da hujjoji a rubuce, shafi biyu.

"Ninke ka sa a aljihu," in ji Baba Irmiya. "A nan ba mai faɗin nasa. Kowa zai faɗi na ɗan'uwansa, har sai mai shi ya ce haka ne."

Mama Rifkatu ta fara.

"Yaron nan ba mugunta yake yi ba. Ya ga 'yan garinmu a can Kudu, an yi musu baftisma, amma tambaya ɗaya aka yi musu suka watse. Yana tsoron mu zuba wa mutum ruwa bai san me ya karɓa ba."

Ko a takardarsa Habila bai rubuta shi da kyau haka ba.

"Haka ne, Mama."

"To, saura kai."

"Mama... tausayinsa take ji, don ya tsufa."

"A'a, ɗana."

"Ko don ya daɗe yana zuwa?"

"Bencin cocin ma ya daɗe. Ka ga na rubuta sunansa?"

Baba Irmiya ya yi dariya har da tari.

Sati guda Habila yana shirya amsar maganar da bai taɓa tsayawa ya ji ba.

"Ban sani ba, Mama. Ki faɗa mini."

"Ni cewa na yi ya sani. Jerawa ce ba ya iyawa. Tashi mu je."

Suka tarar da Baba Nomau yana gyaran rumbu. Ta ce, "Baba, me Allah ya ce game da kayan mutane?"

"Kada ka ɗauka. Kada ma ka tsaya kana kallo kana cewa da ma nawa ne. Ni akuyar maƙwabcina Tanko nake fama da ita, kullum sai na kau da kai."

Dokoki biyu ke nan. Kafin su tashi ya kawo tara, kowace da labarinta.

Amma da Habila ya tambaye shi ma'anar ruwan baftisma, tsohon ya ce yana jin maganin ciwon ƙafa ne.

Mama Rifkatu ta kama baki. "Wannan kam naka ne, Malam. Ka yi gaskiya."

Kwana goma sha biyu Habila yana zuwa gindin rumbun nan da yamma yana koya wa tsohon. Rana ta goma sha uku ya ɗauki sabuwar takarda, ya rubuta sunan da hannunsa, ya miƙa wa Mama ta sa hannu a ƙasa.

Ranar Ista, ruwa na ɗiga daga furfurarsa, Baba Nomau ya matso kusa da Habila ya yi raɗa:

"Malam, ƙafar dai tana nan yadda take. Amma na san ba don ita ba ne."

Darasi: Kafin ka ce ɗan'uwanka ya yi kuskure, gwada faɗin dalilinsa har ya ce "haka ne". In ka kasa, ba da shi kake gardama ba, da zatonka ne.

Tura wa wanda kuka daina gaisawa a kan aikin Allah. Kai ka fara.