Juma'ar da Kamarar Haj Usman Ta Ƙirƙiro

Cikin duk kiran da aka yi mini a wannan sana'a, akwai na wata Alhamis da har yau bai bar kaina ba, kuma ku sababbin hannu gara ku ji shi kafin ku fara hawa tsani a gidajen mutane. Haj Usman ne ya kira, wani mai sayen dawa da riɗi a ƙauyenmu, kudu da Rusairis. Ya ce in zo in kwafe masa hoton ɓarawo a waya, zai kai wa shehin gari, wato mai garinmu.

Kamarar ni na ɗaura masa ita wata huɗu kafin nan, ba da son raina ba. Ɗansa ne ya aiko ta daga Jidda, irin wadda aka yi don gidan da shabaka, wato intanet, ba ta yankewa. Mu kuwa sai ka hau tudu kake samun layi. Na ce masa a wuri irin namu ana zaɓar kamara mai igiyar waya da akwatin naɗa a cikin ɗaki, a haɗa mata faifan rana da batir, don kahraba, wutar lantarki ke nan, tana tafiya ba sallama. Ya dube ni sama da ƙasa, wai kayan Saudiyya ne zan koya wa aiki. To, na sa mata zakira, ɗan katin da take naɗa a ciki, na saita agogo da hannu, na ce ya riƙa gwada shi da na wayarsa duk mako. Irin wannan kamara daga shabaka take sanin lokaci. In babu, wuta ta ɗauke agogonta ya tsaya, ta dawo ya ci gaba daga inda ya kwana. Ya ce tamam, yana kallon wani wuri.

Abin da ya faru shi ne, ranar Juma'a gidan duka sun tafi ɗaurin aure Rusairis, bayan sun dawo, da ya ƙirga ranar Talata sai ya ga buhun dawa ɗaya babu a ɗakin ajiya. Sai ranar Laraba surukinsa ya buɗe masa zakira, suka nemo Juma'a, sai ga Baba Garba da buhu a kafaɗa yana fita da hantsi. Baba Garba shekara sha takwas yana yi masa aiki, shi ke riƙe da mabuɗi. Tsohon ya rantse cewa ranar Litinin ya ɗauki buhu, niƙa aka aike shi, Juma'a kuwa yana gonar albasarsa a bakin kogi. Haj Usman ya ce na'ura ba ta ƙarya. A ƙofar masallaci bayan la'asar ya kira shi ɓarawo, gaban mutanen da suke sahu ɗaya da shi tun suna samari.

Da na isa, kafin in taɓa komai na dubi kwanan da ke kusurwar hoton. Muna Alhamis, kamara tana Litinin. Kwana uku cur take bin duniya a baya. Ke nan abin da ta rubuta wa Juma'a, Litinin ce. Na nuna masa, ya ce wataƙila yau ta rikice. Na maido hoton baya, na tsayar, na sa yatsa a gefen ƙofa.

“Haj, wannan matar da ta yafa jan tobi, take miƙa masa jakar dusa, wace ce?”

Hajja Zainabu ce, matarsa. Ita da ranar Juma'a tana Rusairis tana cin shinkafar biki. Wallahi mutum ya kalli hoton nan ya fi sau goma, ya nuna wa surukai, ya nuna wa direbansa, amma zumuɗin kama ɓarawo bai bar shi ya ga matar da yake kwana gida ɗaya da ita ba. Muka nemi ainihin Juma'ar, babu ko inuwa. Ranar ba wuta tun safe, kayan Saudiyya suna barci.

Na zaci kunya za ta kama shi. Ina. Ya ja ni bayan rakuba, rumfar tsakar gidansa, ya rage murya, ya kira ni yadda ake kiran mu masu aikin hannu.

“Usta, gyara agogon, kalas. Maganar ta tsaya tsakaninmu, ni na san yadda zan yi da Garba.”

Na ce agogo zan gyara, amma ban iya gyara abin da aka faɗa a ƙofar masallaci da sukurdireba ba. Da magariba na tsaya a wurin da ya tsaya, na yi wa mutane bayani dalla-dalla, shi yana can gefe yana jan carbi kamar wa'azi ake yi a kan wani.

Bai ba da haƙuri ba. Manya irinsa bakinsu bai saba da kalmar ba. Washegari ya ɗora mini buhun dawa a keken jaki, wai in kai wa tsohon in ce ya dawo aiki. Na tarar da Baba Garba yana ban ruwa a albasarsa. Ya saurare ni har na gama, ya ciro mabuɗin daga wuyansa ya ɗora a kan buhun, ya juya kan jakin da hannunsa.

“Ɗana, mai da mashi. In yana son sanin ranar da zan komo, shi tambayi kamaratai.”

Bai koma ba. Yanzu albasa yake kaiwa kasuwar Rusairis, ga tsufa ga ciwon baya.

Shi ya sa nake takura muku a kan batir da agogo, kuna ganin fitina ce. Kuma kada ku ɗaura wa kowa kamara ku tafi ba ku gaya masa inda take ƙarya ba, ko da yana kallon wani wuri, ku maimaita. Mutanenmu za su ƙaryata wanda ya riƙe musu mabuɗi shekara sha takwas, su gaskata roba mai ido ɗaya da ba ta san ko yau wace rana ce ba. Ni da hannuna na ɗaura wannan robar, kuma har yanzu in na hangi Baba Garba a kasuwa, sai na tattaro ƙarfin hali kafin in gaishe shi.