Yadda Na Ɗaure Kaina da Rawani

Ciwon baya ne ya kai ni ga yoga. Na daɗe ina duƙe a kan keken ɗinki a unguwar Hindawiyya, har na fara tafiya kamar wanda allurarsa ta faɗi. Likita ya ce in riƙa miƙe jiki, ya faɗa mini sunan abin. Na je wani kantin littattafai a unguwar Bagdadiyya, na zaɓi littafin yoga na Larabci wanda ya fi kowanne kauri, don a ganina marubucinsa ya fi sauran sani.

Littafin ya ce mai koyo yana bukatar tabarma, da ɗamara, da wani bulo na soso da ake zama a kai. Bulo dai ba ni da shi, sai na zauna a kan littafin. Gwaggona, wadda muke gida ɗaya, ta leƙo.

"Kai, a kan baƙaƙen Larabci kake zaune?"

"Gwaggo, motsa jiki ne kawai a ciki."

"Ko farashin albasa ne. Yalla, maza tashi."

Washegari na sayo wani na Turanci, musamman don zama. Ta jujjuya shi, ta ce wannan babu laifi.

Ɗamara kuwa, rawanin marigayi mijinta ta ara mini. Wani hoto a cikin littafin ya nuna mutum kwance, ya zarga igiya a tafin ƙafa yana ja. Na ga kamar tawa tana zamewa, sai na zagaya da ita ta ƙugu da kafaɗa, na yi mata ƙulli irin namu na teloli. Ƙafata ta tsaya a sama, ta ƙi saukowa.

Ina nan a haka mai kawo mana gas ya shigo da tukunya a kafaɗa. Yana ganina ya dire ta, ya fita yana shela wai ɓarayi sun ɗaure tela. Kafin Gwaggo ta fito daga kicin, falo ya cika. Wani maƙwabci ya ɗauko almakashina.

"Ba mai yanka rawanin nan," in ji Gwaggo. "A kwance shi a hankali."

Maza suka tsuguna a kan ƙullin, ɗaya har da haƙori. Wani dattijo ya buɗe littafin Larabcin yana neman babin kwancewa. Bai samu ba, amma ya tsaya da ƙafa ɗaya yana gwada wani hoto. Gwaggo ta zuba gahawa, tana amsa jaje da natsuwa, ba ta ƙaryata zancen ɓarayi ba.

Ana kiran la'asar ƙullin ya saki. "Halas, an gama," in ji mai gas, ya tambayi inda zai ɗaura tukunya. Na bi su masallaci ina ɗingishi, kowa na ba ni shawarar in canza makulli.